Ranar da Kakanmu Ya Ga Kansa a Talabijin

Jiya da yamma maƙwabcinmu ya tayar da ƙaramin janaretansa, daidai lokacin da nake sauke tukunyar dafaffiyar gyaɗa daga kan wuta. Warin hayaƙin fetur ya tsallako katanga ya haɗu da tururin gyaɗar, sai na tsinci kaina tsaye riƙe da tukunya, na manta inda zan ajiye ta. A wurin kowa babu abin da ya haɗa fetur da gyaɗa. Amma ni duk inda hancina ya ji su tare, to na koma zauren kakana a Bungudu, wata ranar Asabar cikin kaka, ina yarinyar da ba ta gama firamare ba, ina leƙe ta ƙarƙashin hannun innata. Bari in faro maka daga Gusau, domin can abin ya samo tushe.

Babana tela ne. Shagonsa na wani layi a gefen kasuwa, ɗan ƙarami, keken ɗinki biyu da benci ɗaya. Bencin nan kuwa bai taɓa rasa mazauna ba, saboda Allah ya yi wa Baba wata baiwa da ba a zuwa koyonta. In mutum ya shigo ya yi magana, Baba zai iya mayar maka da shi ɗungurungum, da muryarsa da tafiyarsa, har da yadda yake sosa ƙeya in zai nemi ragi. Ba da mugunta yake yi ba. Sau da yawa a gaban mutumin yake yi, shi ma ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Tun yana saurayi yake cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa, don haka da zamanin kaset ɗin bidiyo ya zo, masu shirya fim suka fara yawo da kyamara, ba a daɗe ba aka biyo shi har shago.

In ba ka riski wancan zamani ba, da wuya ka gane yadda kallo yake a lokacin. Ba kowane gida ke da talabijin ba, wanda ke da shi kuwa ya zama dandalin unguwa. Alhamis da Juma'a, da yake babu Islamiyya, da an kawo wuta sai ka ji takalman yara suna taruwa a ƙofar ɗakinmu. Matan maƙwabta su shigo da goyo, wata da tsintar shinkafarta a faranti, wata da saƙar hularta. A bazara ɗakin ya yi zafi kamar tanda, ana fifita da murfin kwano, amma babu mai tashi. Kaset ɗaya sai a kalle shi har hoton ya fara rawa, kowa ya haddace abin da za a faɗa, ana faɗinsa tare da masu wasan.

Akwai wuraren da har yau suna zaune a kaina kamar jiya na gani. Akwai inda Baba ya fito a baƙo mai kunya. Ya sha doguwar tafiya, ya iso gidan surukai da yunwa, aka ajiye masa tuwon shinkafa da miyar taushe, sai ya ce, don nuna kara, ai a ƙoshe yake. Maigidan kuwa ya ɗauke shi a kan maganarsa, ya jawo kwano gabansa ya fara ci. Daga nan Baba ya shiga neman hanyar janye maganarsa ba tare da ya janye ta ba. Ya yabi ƙamshin miyar. Ya tambaya ko kabewar ta gonar gida ce. Ya ce su a garinsu in baƙo ya ce ya ƙoshi sai an sake tambayarsa, haka suka taras da al'ada. Duk lomar da maigida ya ɗaga, idon Baba na raka ta har baki, maƙogwaronsa na haɗiya tare da shi. Da aka zo ɗauke kwanon, sai ya miƙe ya ce bari ya taya su wankewa.

Yayata kuwa, wadda ta girme ni sosai, ita da ƙawayenta na soyayya suka fi so. Akwai wani da Baba ba ya ciki, na wani saurayi mai sayar da rake a tasha. Kullum wata yarinya takan zo saye, ba ta ce masa komai sai nuni da yatsa, shi kuma kullum sai ya ɓoye mata gindin raken, inda ya fi zaƙi. Ranar da iyayenta za su bar garin, mota ta cika ana jiranta, ta zo ta tsaya gabansa, ta buɗe baki karo na farko ta ce yau ya yanka biyu. Ya yanka. Ta ɗauki ɗaya, ta tura masa ɗayan, ta juya ta shiga mota. Shi ke nan abin da ya faru, amma su Yaya sun yi ta mayar da wurin nan baya har bidiyonmu ya tauna kaset ɗin. Na sha ganinta tana share ido da gefen mayafi, in na yi magana ta ce hayaƙin murhu ne.

Wanda ya fitar da sunan Baba sosai shi ne na tsoho mai keke. A ciki Baba ya shafa farin alli a gemu, ya fito a wani dattijo da ke ji da kekensa na hawa fiye da komai. Wani maraya maƙwabcinsa, wanda ba shi da ko sisi, ya zo neman aron keken zai je zance. Tsohon ya ba shi bayan dogon gargaɗi, amma zuciyarsa ta kasa haƙuri, sai ya bi shi a ƙasa har ƙofar gidan yarinyar, ya nemi gefen tabarma ya zauna tsakaninsu yana gadin kekensa. Da saurayin ya fara tattaro kalmar da zai faɗa, sai tsoho ya ce a matsar da keken daga rana. Da yarinyar ta sunkuyar da kai za ta amsa, sai ya miƙa hannu ya gwada ƙararrawa ko an lalata ta. Daga Gusau har ƙauyuka, sunan Baba ya ɓace, sai Mai Keke. A makaranta ma ɗiyar Mai Keke ake ce mini, ni kuwa in ɗaga kai in amsa, don ban ga uban kowa da ake nunawa a talabijin ba sai nawa.

Abin da duk danginmu suka sani, ba wanda ya taɓa furtawa a fili, shi ne wannan tsoho mai keke kakanmu ne.

Tsoho muke kiransa. Manomi ne a Bungudu, mai karatu daidai gwargwado, irin dattijan da ake kira in za a raba gado ko sasanta ma'aurata. Dogo ne, yana ɗan ɗingisa ƙafar dama tun wata faɗuwa da ya yi daga rumbu. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, na biyun ya fi na farko tsawo. Yana da wani baƙin keke da ya girmi babana, wanda kullum da safe sai ya goge shi da tsumma tun daga sirdi har wayoyin ƙafa, kafin ya ɗaure bakin wandonsa da roba ya hau. Mu jikoki muna hawa kafaɗarsa, muna cire masa hula, yana kirana amaryarsa yana cewa tuwona ba ya nuna, amma keken nan ko ƙararrawarsa ba mu isa mu taɓa ba.

Tsoho bai taɓa kallon fim ba, bai kuma so ɗansa ya shiga ba. Sau ɗaya tak ya yi magana a kai, Inna ce ta ba ni labari. Ya ce ya aika shi birni koyon ɗinki, bai aika shi ya zama abin dariyar kasuwa ba. Daga nan bai ƙara tayar da zancen ba. In mun je Bungudu da Sallah ko lokacin girbi, zai tambayi Baba shago, ya tambayi ciniki, ya tsaya nan. Baba, mutumin da ke sa ɗaki guda dariya da ɗaga gira kawai, in ya durƙusa gaban mahaifinsa sai ya koma kamar ruwa ya cinye shi. Kakata kuwa, duk zuwan da za ta yi Gusau ganin likita, sai ta sa an kunna mata na mai keke, ta yi dariya har da hawaye, ta koma gida ta kama bakinta.

Haka aka tafi har Yaya ta isa aure. Wani malamin makaranta ɗan Tsafe ya fito, mutum mai natsuwa, ita ma tana sonsa. An yi gaisuwar iyaye, ana maganar sa rana, sai saƙo ya zo daga baffansa, wani Alhaji mai fataucin hatsi wanda shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, cewa a dakata tukuna. Da aka bi diddigi, sai aka ji dalili. An gaya wa Alhajin cewa uban yarinyar ɗan wasa ne, kuma ba nan abin ya tsaya ba, wai mahaifinsa da ya haife shi yake kwaikwaya a gaban duniya don a yi masa dariya. Alhajin ya ce mutumin da bai bar ubansa ba, bai san irin tarbiyyar da ya ba ɗiyarsa ba.

Gidanmu ya yi tsit a kwanakin nan. Inna ta lulluɓe talabijin da zane, yaran unguwa suka daina zuwa. Yaya ba ta yi kuka a gaban kowa ba, sai dai ta rage cin abinci, wankin da aka yi jiya ta sake wanke shi yau. Baba ya ce zai bar wasan gaba ɗaya, zai je Tsafe da ƙafarsa ya faɗa wa Alhajin haka. Amma Tsoho ne waliyyin Yaya, ba yadda za a yi maganar ta wuce bai ji ba. Dole Baba ya shiga mota ya tafi Bungudu, ya durƙusa ya faɗa wa mahaifinsa komai, har da abin da aka shekara ana ɓoye masa.

Da ya dawo, Inna ta tare shi tun daga ƙofa tana tambayar abin da Tsoho ya ce. Baba ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Cewa ya yi abin da bai gani da idonsa ba, ba ya kare shi, ba ya kuma tsine masa. Ya ce in kai masa ya gani. Kuma ya aika Tsafe a ce wa Alhaji ya zo su gani tare."

Ranar Asabar ɗin muka tafi dukanmu. Inna ta naɗe talabijin da bargo ta rungume shi a cinya cikin ƙaramar bas, Baba na riƙe da bidiyo, ni da kaset a cikin leda. Lokacin kaka ne, gero ya sunkuyar da kai a gonakin gefen hanya, an fara cirar gyaɗa, duk inda ka duba mata ne da yara suna tsinka a gindin itace. A kujerar gaba wani fasinja ya waiwayo ya gane Baba, ya fara yi masa maganar tsoho mai keke yana dariya. Baba ya yi masa murmushin yaƙe.

A zaure aka shirya kallon bayan sallar azahar, don can ne da duhu-duhu ko da rana. Aka aro janareta daga wurin mai cajin batir, aka ajiye shi a waje, hayaƙinsa na shigowa ta ƙofa. Kakata ta dafa sabuwar gyaɗa ta aiko da ita cikin ƙwarya. Alhajin Tsafe ya iso da wani ƙaninsa. Na yi zaton zan ga mutum mai fuskar shanu, sai na ga dattijo mai fara'a da ladabi, ya gaisa da Tsoho hannu biyu, ya ce shi ba ya zo cin mutuncin kowa ba ne, amanar maraya ce a hannunsa. Tsoho ya ce ya yi daidai, ko shi ne haka zai yi. Suka zauna kan buzu, Baba ya rakuɓe kusa da bidiyo. Mu mata muna ƙofar ciki, bayan labulen asabari. Keken Tsoho kuwa yana jingine a bangon zauren, inda yake kwana kullum, kowa na ƙoƙarin kada idonsa ya kai wurin.

Fim ya fara. Ga Baba ya fito daga wata bukka da farin gemu, yana ɗingisa ƙafar dama. Ya ɗauki tsumma ya goge keke tun daga sirdi har wayoyin ƙafa. Ya sunkuya ya ɗaure bakin wando da roba. Yaro ya gaishe shi, ya yi gyaran murya sau biyu, na biyun ya fi tsawo.

Na kalli wurin nan ya fi a ƙirga, kullum ɗaki kan fashe da dariya. Ranar nan ko tari babu, sai ƙarar janareta. Na ji hannun Inna ya damƙe kafaɗata. Baba ya kafa ido a ƙasa. Fuskar Tsoho nake iya hangowa ta gefe, hasken talabijin na wasa a kanta, ba ta nuna komai ba.

Kakata ce ta fasa shirun. Da aka zo inda tsohon ya zauna tsakanin saurayi da budurwa ya gwada ƙararrawa, dariyar da take dannewa ta kuɓuce mata, irin mai fitowa ta hanci. Ƙanin Alhaji ya kama. Alhajin kansa ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza, yana satar kallon Tsoho. Tsoho dai bai motsa ba. Gyaɗar da ya ɗauka tun farkon fim tana hannunsa bai ɓare ta ba.

Ƙarshen fim ɗin ba na dariya ba ne, ko da yake mu yara ba mu cika damuwa da shi ba. Uban yarinyar ya gano cewa saurayin ba shi da komai, keken ma na aro ne, ya ce ba zai ba shi ɗiyarsa ba. Sai tsoho mai keke ya sa babbar rigarsa, ya tafi da kansa, ya zauna a gaban uban yarinyar da mutanensa. Babu ɗaga gira, babu wasa da ƙararrawa. Ya ce: "Gaskiya ne ba shi da komai. Amma na ba yaron nan aron kekena, ya dawo mini da shi a wanke, birkin da ya kwance tun bara ya ɗaure shi, bai ko faɗa mini ba. Wanda ya riƙe abin aro haka, yaya kuke gani zai riƙe abin da aka ce ya zama nasa?"

A nan Tsoho ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Maido wurin ga baya."

Baba ya mayar. Aka sake kallo. Da tsohon cikin talabijin ya gama magana, Tsoho ya sa aka kashe. Wani ya fita ya kashe janareta, kunnuwanmu suka yi wani iri saboda shiru. Tsoho ya dubi ɗansa, ya yi gyaran muryarsa.

"Ranar da munka tafi neman auren nan, kai kana ina?"

"Ni na riƙo ƙwaryar goro, Baba. Ko azumi ban fara ba."

"Ashe kana saurare."

Sannan ya juya wurin Alhaji ya ba shi labari, mu ma a ranar muka fara jinsa. Akwai wani maraya da ya taɓa yi masa aikin gona shekaru da dama da suka wuce. Ya so wata yarinya, aka hana shi don talauci, Tsoho ya je ya tsaya masa, kuma maganar da ya faɗa a zauren mutanen ita ce wannan, ba a rage ko kalma ba. Shi kansa ya manta ya taɓa faɗinta. Marayan yanzu yana da jikoki a wata unguwa ta Bungudu.

"Alhaji," in ji Tsoho, "ba ni iya shaidar duk abin da ake yi cikin akwatin ga, don ban gani ba. Amma wanga na gani. Ɗingishin nawa ne, tarin nawa ne, rowar keken ma tawa ce, ba ƙarya anka yi min ba. In ya sa an yi dariyar tafiyata, to ya kai maganata inda keken ga bai taɓa kai ni ba. Ɗan da ya riƙe maganar ubansa tun bai fara azumi ba, ban kira shi marar tarbiyya. Ɗiyar kuwa ni ne waliyyinta. Ka tafi ka yi shawara, ba mu gaggawa."

Ya ɓare gyaɗar da ke hannunsa ya jefa a baki, sannan ya dubi Baba ya ƙara da cewa abu guda ya ɓata: shi bai taɓa hawa keke ta dama ba, duk mai hankali ta hagu yake hawa. Zauren ya ɗauki dariya, har da Baba, wanda ke dariyar yana goge fuska da hularsa. Ban taɓa ganin hawayen babana ba sai ranar. Ban kuma taɓa jin na kai tsawon da na ji na kai ba, ina tsaye bayan asabari, ɗiyar wannan, jikar wancan.

Alhaji bai ba da amsa nan take ba, kuma na girmama shi a kan haka da na girma. Ya ce abin da aka faɗa masa daban, abin da ya gani daban, amma akwai 'yan'uwa a Tsafe da suka ji maganar farko, ya kamata su ma su gani. Ya nemi aron kaset ɗin. Kwalinsa duk ya yage, murfin ya tsage an ɗaure da zare, Inna har tana jin kunyar miƙawa. Bayan kwanaki sai ga ƙaninsa a Bungudu da huhun goro, da maganar sa rana, da kaset ɗinmu cikin sabon gida na roba, an goge shi tas. Tsoho ya jujjuya shi a hannu, ya ce wa kakata mutanen nan za su riƙe yarinyar.

Aka yi biki bayan an gama kai amfanin gona gida. Yaya tana Tsafe har yanzu, babban ɗanta ya kusa gama jami'a. Baba ya ci gaba da wasansa wasu shekaru, yana ɗinki yana fita, har idonsa ya fara rauni ya ajiye duka biyun. Tsoho bai zama mai kallon fim ba, wancan ne na farko kuma na ƙarshe. Sai dai daga ranar, in Baba ya je gaishe shi, bayan shago da ciniki yakan tambaya, "Ina wasan?" In kuma yara suka bi shi ranar kasuwa suna kiran Mai Keke, ba ya tsawata musu. Yakan kaɗa musu ƙararrawa sau ɗaya ya wuce.

Ya rasu cikin wata damina, bayan gajeriyar jinya. Sai bayan an share makoki muka farga cewa ba mu da hotonsa. Bai taɓa yarda ya zauna gaban mai hoto ba, in ban da wani ɗan mitsitsi na jikin katin shaida, wanda ya koɗe har ba a gane ko wane ne. Da kakata ta fita takaba, Baba ya ɗauko ta ta zauna da mu a Gusau. Wata rana da hantsi, ina shara, ta kira ni ɗaki ta nuna talabijin da haɓa.

"Sa min shi in ga Malam."

Na sa mata. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta matso kusa, ta zuba ido tana kallon ɗanta yana ɗingishi da farin alli a gemu, tana gyaɗa kai a hankali kamar mai amsa gaisuwa.

Yanzu abubuwa sun sauya. Shagunan hayar kaset sun koma na sayar da kayan waya. Hanyoyin da muke bi da talabijin a cinya ba tare da fargaba ba, yau sai an tambayi labarinsu kafin a hau, ana kuma sauri a iso kafin rana ta yi sanyi. 'Ya'yana suna kallo fiye da yadda muka yi, amma kowa da wayarsa, kowa a kusurwarsa, sai ka ji mutum ya tuntsire da dariya shi kaɗai, ba ka san abin da ya gani ba. Kwanaki ƙaramin ya zo da gudu yana nuna mini wani guntun bidiyo da ke yawo, wai ga kakansu. Wurin zancen ne, da tabarma da ƙararrawa, an yanko shi bai fi tsawon shan kofin ruwa ba. Mutane sun yi ta rubuta dariyarsu a ƙasa, na kuma ji daɗi ƙwarai. Amma wanda ya yanko bai kai ƙarshen ba, ya tsaya inda dariya ta tsaya.

Kaset ɗinmu ya daɗe da cin ƙura da danshi, amma kafin ya mutu mijin Yaya ya sa an juye shi, ina da shi cikakke. Ranar da yaron ya nuna mini guntun nan, na karɓe wayoyin duka na zuba a cikin kwano, na tara su a tabarma ɗaya, na aika aka ɗauko Baba daga ɗakinsa duk da ba ya gani sosai. Na ce yau daga farko za a kalla har ƙarshe, ba mai tashi. Suka yi ta gunaguni cewa hoton ya dushe, sautin na shaƙewa. Ba a yi nisa ba gunagunin ya koma dariya. Da aka zo wurin babbar riga, ɗakin ya yi shiru da kansa, sai na ji wata murya a gefena tana bin maganar a hankali. Baba ne, idonsa a rufe, yana faɗinta tare da tsohon cikin fim, kalma bayan kalma, jikokinsa sun bar kallon talabijin sun juyo suna kallonsa.